Shekarar da Aka Ce Rabi Ba Uwa Ba Ce

Sadiƙ da Amira, jikokina, wannan babin naku ne, kuma da gangan na rubuta shi da Hausa. In Hausar taku ta tsinke a ƙasar sanyin da kuka girma, ku kai wa babanku Bashir ya karanta muku. Kada ku kai wa uwarku, ba za ta iya kaiwa ƙarshe ba, in kun gama ji za ku san dalili. Akwai shekaru da yawa da na tsallake a littafin nan ban ce musu komai ba, amma wannan dole na zauna a kanta, kuma tambayar Amira ce ta jawo. Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce muna gaisawa ta waya, ina ganin fuskarki kina ganin tawa, sai kika karkata kai kika jefo mini magana.

"Kaka, me ya sa Mama ta bar Yaya Kulu a Nijeriya? Ba ta son ta ne?"

Na yi dariya na ce ɗinkin Sallarki ya yi kyau. Amma tuwon ranar ban ci shi ba. Ashe maganar da wani ma'aikacin gwamnatin can ya yanke a kan 'yata, mutumin da bai taɓa ganin ta ba, ta yi ta yawo har ta shiga ɗakinta ta fito ta bakin autarta. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, kun fi ni sanin ta, kuma raina yana ɓaci in na ji shi. Ku dai ku natsu ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Mu mutanen ƙasar Zazzau ne. Kakanku Alhaji Isa ya kawo ni Karu, gefen Abuja, tun ana noma a bayan gidanmu, shi yana sayar da kayan gini, ni kuma daga baya na kama rumfar atamfa a kasuwar Gudu. Ta wajen uwata muna da jinin Fulani, kuma abin da ya rage mana na Fulatanci ba saniya ba ce, ba yare ba ne, kunya ce. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kuma in an yaye shi kakarsa ce take ɗauka ta riƙe. Haka uwata ta yi, haka ni ma na yi da kawunku Lawal, wanda ya girma a ɗakin uwata a ƙauye yana ce mini Yaya. Babu wanda ya taɓa tambayata ko ina son sa, domin kowa ya san abin da mutum ya fi so shi yake sunkuyar da kai a kansa. Da uwarku Rabi ta haifi 'yarta ta fari, Bashir ya yi mini kara ya sa mata sunana, Hauwa'u. Kunya ta zama biyu ke nan, sunan 'yar fari kuma sunan uwa. Kowa a gida Kulu yake ce mata, ni ina ce mata takwara, Rabi kuwa ko Kulun ba ta faɗa. In za ta yi maganarta sai ta ce "ta wajenki."

Ana yaye ta aka kawo mini ita, a gadona ta girma, ni take ce wa Inna, uwarta kuma Anti. Amma ni ina da ido. Na ga Rabi ta zo gidan nan daga asibitin da take aikin jinya, ta tarar Kulu na zazzaɓi, ta tsaya a bakin ƙofa tana yi mini zancen tsadar tumatir, alhali yatsunta suna murza gefen mayafinta har ya yage. Ta ajiye magani a kan firij ta ce wai ragowa ne ta ga kada ya lalace. Kowace Sallah sai na tsinci ɗinki a ɗakina daidai jikin yarinyar, in na tambaya ta ce guntun yadi ne ya rage mata. Ni mai sayar da atamfa za a gaya wa guntun yadi? Turmi guda take saya a wata rumfar don kada in sani. In Kulu ta yi barcin rana a tsakar gida, Rabi takan zo ta wuce ta gefenta sau da yawa kamar mai neman tsintsiya, ta kori ƙuda, ta wuce.

Sai mutanen can suka zo neman ma'aikatan jinya. Ku riƙe wannan da kyau: su suka zo nema. Tsofaffinsu sun yi yawa, 'ya'yansu ba su da lokacin wanke su, suka aiko har Abuja suna kiran 'ya'yanmu da murmushi, suna cewa ku zo da iyalanku. Rabi ta tafi, ta kama aiki a gidan tsofaffi, tana juya su a gado, tana ba su abinci a baki, tana share musu abin da ba a faɗa. Bayan ta zauna, Bashir ya bi ta da ku biyu kuna ƙanana. Kulu tana tsakiyar sakandare a lokacin, kuma ba wanda ya kawo zancen tafiyarta da gaggawa. Wa zai ɗauke wa kaka 'yar riƙonta haka kawai? Aka ce in ta gama makaranta sai ta biyo baya, ƙofa ai a buɗe take.

Ina rumfa wata safiya ina kakkaɓe kaya, sai ga maƙwabciyata a kasuwa, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato ce mai sayar da takalma, ɗanta ma yana can yana aiki matarsa tana nan. Ta shigo da waya a hannu ko gaisuwa babu.

"Hajiya, kin ji news? Mutanen nan za su rufe ƙofa fa. Wai ma'aikata ya yi yawa, iyali ya yi yawa. Duk wanda yana da pikin a gida ya yi sauri, kafin doka ya fito."

Na ce, "Wace ƙofa kuma? Ba su suka buɗe da hannunsu ba?"

"Sun samu abin da suna so, Hajiya. Hannu suna so, ba su so baki."

Da rana na ji da kunnena a rediyo. Gwamnatinsu ta fito da shiri na rage masu shigowa aiki, da taƙaita masu kawo mata da 'ya'ya su zauna. Ba a faɗi ranar da za a fara ba, an dai ce nan ba da daɗewa ba. Wani babbansu yana ta bayani wai baƙi sun cika musu asibitoci. Na dubi rediyon na ce, "Ƙwarai kuwa sun cika, su ne ke riƙe da fo ɗin uwarka." Masu ciniki suka yi ta dariya, ni kuwa ba dariya nake yi ba. An ci moriyar ganga za a yar da kwaurenta, kuma 'yata ce gangar.

Washegari Rabi ta kira. Ta gaishe ni, ta gaishe da Alhaji, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ƙafata, sai da ta ƙare duk tambayoyin duniya sannan ta kawo abin da ya sa ta kira.

"Inna, maganar ta wajenki ce."

Ta ce abu biyu ne ke bin mu a guje. Ga dokar da ke tafe, ga shekarun yarinyar, domin in ta cika sha takwas ba za su ƙara lissafa ta a matsayin 'yar kowa ba, kuma saura ƙiris ta cika. In ba ta shiga yanzu ba, ba za ta shiga a matsayin 'yar gidanku ba har abada. Alhaji yana kan tabarma yana jin mu, ya daga murya don ta ji.

"Ku bar yarinya inda take. Me ta rasa a nan? Mutanen da suka ce ba sa son ka, kai kuma kana cusa kai."

Kulu tana tankaɗen gari a gefe, ba ta ɗago ba. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana bayan kakanku. Wa zai shafa mini man zafi a gwiwa? Wa zai yi mini gardama a kan gishirin miya? Amma na sha kama ta tana kallon hotunanku a waya, tana buɗa fuskar Amira da yatsu biyu, ƙanwar da rabonta da ita tun tana goye. Na dubi furfurar Alhaji, na tuna tawa. Na ce a raina, yarinya da uwarta da ubanta a raye ba za ta wayi gari marainiya ba don kawai kakarta na jin daɗin hira. Na ce wa Rabi a fara neman biza. Alhaji ya yi kwanaki ba ya cin tuwona sai na gidan ƙanensa.

Aka haɗa mu da wani lauya a Jabi, yaro mai ladabi, muna ce masa Barista. Ya ce tunda ana shirin rufewa sun tsananta bincike, musamman ga yaron da iyaye suka tafi suka bari. Takardar haihuwa kaɗai ba ta ishe su ba.

"Hajiya, so suke su ga cewa uwa da 'ya ne da gaske. Hotunansu tare, saƙonnin waya, wa ke zuwa makaranta, wa ke kai ta asibiti. A kawo mini duk abin da aka samu."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Muka dawo gida muka zazzage akwatin hotuna a tsakar falo, ni da Kulu. Hoton suna: ni ce riƙe da jaririya, Rabi na can ƙarshen layi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Hoton yaye: ni ce. Saukar karatu: ni da Alhaji, Rabi ta tsaya a bayan wata maƙwabciya. Bikin kawunku: Kulu a wannan gefe, uwarta a wancan, dangi cike a tsakani. A makaranta ni aka sani, a asibiti ni aka sani. Muka duba saƙonnin waya, babu inda sunan yarinyar ya fito, sai "ya mutanen gidan" da "a gaida ta wajenki." Da farko muna dariya, Kulu tana cewa Anti ta iya ɓuya kamar ɓarauniya. Can sai dariyar ta ƙare, muka zauna cikin hotuna muna kallon juna. Duk abin da a wurinmu yake nuna Rabi 'yar mutunci ce mai tarbiyya, shi ne a wurinsu zai nuna ba ruwanta da 'yarta.

Barista ya tura abin da ya samu, aka kira Kulu ganawa a ofishin biza. Ni a waje na zauna ƙarƙashin wata bishiya tare da sauran iyaye, kowa ya rungume jaka kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da ta fito na ga idonta ya yi ja. A mota ta ba ni labari. Wata Baturiya ce ta yi mata tambayoyi ta allon kwamfuta.

"Ta ce wa ya raine ni, na ce Inna. Ta ce wace ce Inna, na ce kakata. Ta ce me nake kiran mahaifiyata, na ce Anti. Sai ta daina rubutu ta dube ni."

"Sai me?"

"Ta ce ita kuma me take kirana. Na ce ba ta kirana. Na so in yi mata bayani, Inna, wallahi na so, ta ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai."

Ban yi mata faɗa ba. Ni na koya mata faɗin gaskiya, kuma gaskiya ta faɗa. Da amsa ta zo, Barista ya karanta ya fassara mana yana sunkuyar da kai. Sun ce ba su ga alamar zaman uwa da 'ya a tsakaninsu ba, uwar ta daɗe da sallama yarinyar ga wasu, don haka raba su ba zai cutar da kowa ba. Wasu! Ni ce wasu. Na miƙe tsaye a ofishin mutumin nan ina faɗa kamar shi ya rubuta. Mutanen da ke kai iyayensu gidan haya su bar wa 'yar wani ta wanke, su ne za su koya mana zumunci? Sun yarda da hannun Rabi a jikin iyayensu, sun ba ta makullin magungunansu, amma ba su yarda ita uwa ba ce sai ta nuna hoto. Da sun tambaya, da tsohuwar kasuwa ma ta yi musu bayani. Ba su tambaya ba, domin ba sani suke nema ba, dalilin cewa a'a suke nema.

Barista ya ce akwai damar sake nema kafin dokar ta fara, amma sai an kawo sabuwar hujja. Rabi ta roƙi hutu a wurin aiki ta taho. Ta iso gidan nan a rame, ta durƙusa ta gaishe ni, Kulu ta kawo mata ruwa, ta karɓa tana kallon bango ta ce, "An gode." Na kori kowa na rufe ƙofa.

"Rabi, kunyar nan ni na koya miki, ni kuma na ce ki ajiye ta. Ki rungumi 'yarki. Ki kira sunanta."

"Inna, sunanki ne fa."

"Na yafe. Kira."

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai hawaye. Mace mai 'ya'ya uku, wadda ke tsayawa a kan gawa ba ta girgiza ba, ta kasa furta suna ɗaya. Barista ya so a ɗauki muryarta tana hira da yarinyar tana ambaton ta, aka gwada aka gwada, abu ya gagara, aka haƙura aka koma kan hotuna.

Muka je wurin wani mai hoto a nan Karu. Ya tsayar da su gaban labule mai zanen furanni, tsakaninsu akwai wurin da mutum zai wuce da tire.

"Madam, matso mana. Ba 'yarki ba ne? Riƙe ta, yi smile."

Rabi ta ɗora hannu a kafaɗar Kulu kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta. Kulu ta sandare. Mai hoto yana ta cewa su saki jiki, yaransa na leƙe suna ƙunshe dariya. Aka canza kaya aka sake, aka je bakin tafkin Jabi aka sake, aka je ƙofar makaranta aka sake. Ina tsaye riƙe da jakunkuna ina kallon 'yata da jikata ana koya musu son juna kamar 'yan wasan kwaikwayo, don wani can ya duba ya ga ko ya yi masa. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na wannan makon ba.

Saura abu ɗaya, kuma nawa ne. Barista ya ce sai na je kotu na yi rantsuwa cewa ni ba uwarta ba ce, ajiya aka ba ni, ba ni da ta cewa a kan karatunta ko lafiyarta ko makomarta, duk Rabi ce ke yankewa daga nesa. Alhaji ya ce kada in je.

"Ki raini yarinya tun tana rarrafe, sannan ki je gaban hukuma ki ce ke 'yar tsaro ce? Hauwa'u, wannan maganar ba ta komawa ciki in ta fita."

Na ce masa ba ƙarya zan yi ba. Amana ce aka ba ni, kuma ko allura ba a taɓa yi wa yarinyar ba sai na faɗa wa uwarta. Ya ce ya sani, amma akwai gaskiyar da ba a faɗa a gaban yaro. Na ce in wannan ce za ta buɗe mata ƙofa, zan faɗe ta ko a gidan rediyo. Na je. Ma'aikacin kotu ya karanta da ƙarfi, ina maimaitawa a bayansa, jimla bayan jimla. Kulu na zaune a benci a bayana, domin an ce ta zo da katinta. Ban waiwaya ba. Da muka fito ta karɓi jakata kamar kullum, ta buɗe mini ƙofar mota.

"Hajiya, a hankali da ƙafar."

Hajiya. Tun ranar da ta fara magana Inna take ce mini. Na zaci fushi ne na kwana biyu. Har yau da nake rubutun nan Hajiya take ce mini, cikin ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ke kai ni asibiti, ita ke yanke mini farce. Ta dai ji abin da ta ji, kuma kakanku ya yi gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Aka miƙa takardu, Rabi ta koma bakin aikinta, muka zauna jira. Muna cikin jiran Kulu ta cika sha takwas, dokarsu kuma ta fara aiki. Sannan amsa ta zo. Sun ce hotunan duk sababbi ne, a fili yake an ɗauke su ne don neman biza, rantsuwar kaka kuma ba ta goge abin da yarinyar ta faɗa da bakinta ba. Da babu hoto sun ce babu hujja, da aka kawo hoto sun ce shiri ne. Barista ya ce hanya ta ƙare. Matar ɗan Madam Rifkatu ma ba ta samu ba, muka zauna a rumfata ni da ita, tana kiran Yesu ina salati, babu mai rarrashin wani. Rabi ta ce za ta ajiye aikin ta dawo gida. Ni na hana ta. Babanku ya riga ya sayar da shagonsa, ku kuna makaranta, na ce kada a yi biyu babu. In kuna neman wanda ya ce uwarku ta zauna can, ga ni, kuma ban janye ba.

Yayarku ta yi karatunta a nan, ta yi aure, kun ga ɗanta a waya. Ɗan fari ne. Tana saɓa shi a kafaɗa a gaban kowa, tana ƙwala masa kira da sunansa tun daga bakin titi, kullum sai ta ɗauke shi hoto, a wanka, a cin abinci, a barci. Na taɓa tsokanar ta na ce ina kunyar gidanmu. Ta ce, "Hajiya, ba wanda zai tambaye shi me uwarsa ke kiransa ya rasa amsa." Al'adar da ta taso daga rugar kakannina, ta tsallake ƙauye da birni ba ta karye ba, ta zo ta mutu a teburin wani mutum da ko sunanta bai sani ba. Ba ni neman gafarar kowa a kan kunyar da na koya wa 'yata. Su ya kamata su ji kunya, amma na lura ba su da ita a ƙasarsu, wataƙila shi ya sa ba su gane ta ba da suka gan ta.

Yanzu Amira, ga amsar tambayarki. Na ajiye ta ƙarshe ne domin ba ta cikin abin da aka tura musu. Ranar da uwarku za ta koma, da hantsi, motar da za ta kai ta filin jirgi na tsaye a ƙofar gida. An riga an miƙa takardu, babu lauya, babu mai hoto, babu abin da ya rage a nuna wa kowa. Ta durƙusa ta yi mini sallama, ta yi wa Alhaji, ta wuce Kulu da ke riƙe da ƙyauren gida ba ta dube ta ba, kamar yadda ta saba. Ta shiga mota. Muka juya za mu koma ciki, ni a gaba yarinyar a bayana. Motar ta ɗan gusa sai ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa, sannan na ji muryar 'yata, da ƙarfi, har masu shagon tsallaken titi suka ɗago.

"Hauwa'u!"

Mu biyu muka waiwaya. Tun da na haifi Rabi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har bakina ya buɗe zan amsa. Sai na ga ba ni take kallo ba. Na ja bakina na rufe, na matsa gefe na ba yarinyar hanya.

Kulu ta saki ƙyauren. Ta ce, "Na'am, Inna."